Galan a Kan Sirdi

Kekuna goma sha biyu ne a ɗakin, layi uku, huɗu-huɗu, duk suna fuskantar wani ƙaton allo da ke manne a bango. Ba sa zuwa ko'ina. Amma kowanne a kan wani ƙarfe mai motsi yake zaune. In allon ya nuna hanya ta fara hawa tudu sai keken ya ɗaga kai, feda ta yi nauyi. In hanya ta gangara sai ya sunkuyar da kai, mai hawa ta ji nauyinta duk ya koma kan hannayenta. Wata takwas na yi ina goge kekunan nan, tun daga sirdi har ƙasan feda.

Wurin motsa jiki ne na mata zalla a unguwar Zahir, nadi ake ce masa. Ni ce mai shara a can, ko in ce ni ce a da. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. A Kano na gama sakandare, a gidan kawuna, sannan na zo umara na iske Inna da Kaka a Tandabawi, wata unguwa a kan dutse, ban koma ba. Wadda ta samo mini aikin ita ce mai horar da matan a kan kekunan, kowa kabtin yake ce mata, ni kuma Abla nake ce mata, wato babbar yaya. Kakanninta daga wajen Sakkwato suka zo aikin hajji suka zauna. Ita a nan aka haife ta, tana da takardunta cif, Hausarta kuma rabi da rabi ce, in ta fara magana da Hausa da Larabci take ƙarasawa. Inna ce ke kai wa mahaifiyarta kuka da daddawa, ta haka aka san juna.

Kafin nadi, tare da Inna nake fita. Tana da ɗan amalanke mai taya biyu da take loda wa turare da lalle da goro da kayan miya, kullum da safe a gangara da shi daga kan dutsenmu zuwa bakin kasuwa, a shimfiɗa tabarma. In 'yan baladiyya, masu korar talla a titi, suka ɓullo a tattara a gudu. Shekara biyu na yi ina wannan gudun. Shi ya sa ranar da aka ba ni mofar goge ƙasa da bokiti a wurin da yake da ƙofa mai rufuwa da na'urar sanyi, wurin da ba wanda zai ce in kwashe in gudu, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Na san in aikin nan ya kufce mini, amalanken Inna ne ke jirana.

Gyaran kekunan a hannun wani makanike yake, namiji, don haka ba ya shiga sai ranar Juma'a da safe da nadi ke rufe. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani a waya. Bahaushe ne, mutumin Maraɗi. Shi ya ce wa mudira, wato shugabar wurin, ba zai iya gano ciwon keke goma sha biyu a safiya ɗaya ba, sai an sami wadda za ta riƙa hawansu kullum tana saurare. Mudira ta dubi masu shara mu uku ta zaɓe ni, don ni ce ke iya karanta Turancin da ke jikin ɗan allon kowane keke.

Ranar farko ya kira ni ya ce, “Ƙanwata, kunnenki zan ara da ƙafarki. Ki hau, ki danna ya ɗaga kai har ƙarshe, ki taka. Sannan ki danna ya sunkuya har ƙarshe, ki miƙe tsaye a kan feda, ki taka da ƙarfinki. Duk wanda ya yi ƙara, ko ya yi rawa, ki rubuta lambarsa. Kin gane?”

Na ce na gane.

“To ki maimaita mini.”

Na maimaita. Ya yi dariya ya ce da yaran shagonsu suna ganewa haka da tuni ya huta.

Aka ba ni takarda mai layi biyu, ɗaya na hawa ɗaya na gangara. Kullum kafin ajin farko in bi kekunan ɗaya bayan ɗaya in yi alama. Ranar Alhamis in ɗauki hoton takardun in tura masa. Gaskiya da farko na ji daɗin abin. Rabona da keke tun ina ƙarama a soron gidan kawu. Ga ɗaki ba kowa, ga sanyi, in tuɓe abaya in rataye in yi ta takawa. Har na iya bambanta kukan sarƙa da kukan sirdin da bai ɗauru ba.

Sai abin Kaka ya faru.

Gidanmu can sama yake. Hanya biyu ce ke sauka zuwa titi. Akwai matakala ta baya, mai nisa, mai lanƙwasa tsakanin gidaje. Akwai kuma gangarar siminti da ta miƙe sambal har ƙasa, da kwana ɗaya a tsakiya. Kaka gwiwoyinta sun daɗe da ƙi, a keken guragu ake saukar da ita, wanda a nan ake ce wa arabiyya. Duk wanda ya zauna a kan dutsen nan ya san ba a gangara da arabiyya gaba-gaba. Juya ta ake yi, mai turawa ya koma ta ƙasa yana ja da baya, nauyin ya kwanta a jikinsa. Na sani. Na yi ya fi a ƙirga.

Ran nan bikin suna za mu je, mota na jiranmu a ƙasa. Na fito da ita ke nan daga ƙofa, ban kai ga juya arabiyyar ba, sai wata mata ta ƙwala murya daga sama cewa ga jawazat sun shigo ta lungun baya. Jawazat su ne masu kama marasa takarda. Ban yi tunanin komai ba, na tura. Motar ruwa ta zo da safen nan, tiyo ya yi yoyo, simintin a jiƙe yake. Taku biyar ko shida na yi arabiyyar ta fara ja na. Na riƙe da ƙarfi. Robar da ke jikin mariƙin dama ta zare, ta bar ni da ita a hannu. Hannun hagu shi kaɗai bai iya ba.

Kaka ba ta yi ihu ba. Salati na ji tana yi, muryarta tana nisa da ni. A kwanar ta daki bango.

Daga baya aka ce ba jawazat ba ne, masu duba mitar lantarki ne su biyu.

Ƙugunta ya karye. Asibiti ba wurin zuwanmu ba ne kai tsaye, sai aka kira wani mai ɗori daga unguwar gaba. Tun ranar tana kwance a kan katifa kusa da taga. Abin da ya fi damuna, ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. In na dawo aiki sai ta ɗaga kai ta ce, “Ga direba ta dawo. Yau mutum nawa kika zubar?” In na kawo mata shayi ta ce, “Ajiye a ƙasa, ’yar nan, na ga aikin hannun nan naki.” Ta yi dariya har sai ƙugun ya soke ta, ta dafe shi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Ni kuma tun ranar ban sake taka gangarar ba. Ta matakala nake sauka, ina dafa bango, ko da hakan ya sa sai na fita tun gari bai gama wayewa ba.

Kwana huɗu na yi a gida na koma nadi. Na rataye abaya, na hau keke na ɗaya, na danna ya ɗaga kai. Na taka lafiya. Na danna na gangara. Keken ya fara sunkuyawa a hankali kamar yadda ya saba, nauyina ya taho kan tafin hannuna, sai kawai na ji yatsuna sun ƙame a jikin mariƙi. Ɗakin yana nan, allon yana nan a kashe, amma cikina ya riga ya tafi ƙasa da gudu. Ban san yadda na sauko ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe gaban bokitin mofa ina amai.

Washegari na sake gwadawa, da wanda ya biyo bayansa. Duk ɗaya. Har na gwada rufe ido, abin ya fi muni.

Ya kamata in faɗa. Na sani yanzu, kuma ko a lokacin na sani. Amma mudira ta taɓa cewa a gabana masu shara uku sun yi wa wurin yawa, kuma na san duba kekunan nan ne ya sa ba ni za a fara sallama ba. In na ce ba zan iya ba, me ya rage? Mofa kowa ya iya.

A baranda akwai manyan galan na ruwan sha, irin waɗanda ake kifawa a kan na'ura. Ina wucewa na gan su a jere sai dabara ta zo mini. Na rungumo ɗaya, na ɗora shi a kan sirdin keke na ɗaya, na ɗaure shi da wani tsohon gyale da nake goge madubi da shi. Na koma gefe na miƙa hannu na danna. Keken ya sunkuya da galan a kansa, ruwan ya karkata gaba ya yi ɓul-ɓul, na kasa kunne, ba ƙara. Na danna ya dawo daidai. Na ɗauki biro na yi alama a layin gangara.

Na ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba. An sa wa keken nauyi, ya sunkuya, na saurara. Ban tsaya na tuna cewa galan bai kai rabin nauyin ko siririyar cikin matan ba, kuma ba ya miƙewa ya taka feda. Ko kuma na tuna na kawar da kai. Na fi zaton wannan ne.

Mako biyar ina haka. Hawan tudu in yi da kaina, gangara in bar wa galan. In kwance, in rungume, in kai gaba, in ɗora, in ɗaure. Sau goma sha biyu kowace safiya. Kafin matan su fara zuwa bayana ya riga ya riƙe, gaban rigata ya jiƙe, kuma ga banɗakuna shida suna jirana. In na koma gida in hau matakala in tarar da wankin Kaka. Barci ma in na kwanta ba ya zuwa da daɗi. Wata irin gajiya ce da ban taɓa yi ba ko lokacin gudun baladiyya.

Wata safiya Abla ta zo da wuri ta same ni ina ɗaure galan a kan keke na shida. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

“Esh hada, mene ne wannan? Shi ma ya yi rajista ne?”

Na ce ruwa zan canza, hannuna ne ya gaji na ɗan ɗora shi.

“Har da ɗamara? Wallah ya fi wasu a ajina zama daidai a sirdi.” Ta yi dariya ta wuce ɗakin canza kaya. Ni kuwa na ƙarasa ɗaurin na danna.

Ranar Alhamis ta makon nan makanike ya kira bayan na tura hoto.

“Ƙanwata, wata guda ba ko ƙara ɗaya? Ko kekunan nan sun tuba ne?”

Na ce da alama.

“To madalla. Keke na taran fa? Na canza masa ƙarfen ƙasa wancan makon, ban gama yarda da shi ba. Kin miƙe a kansa a gangara?”

Na ce, “Lafiyarsa lau.”

“Tunda kin faɗa, shi ke nan. Gobe sai in fuskanci injinan gudu, sun fi damuna.”

Na ajiye wayar na ci gaba da goge madubi.

Akwai wata dattijuwa da ke zuwa ajin ƙarfe goma. Hajiya muke ce mata. Babbar mace ce mai jiki, ita ma haihuwar nan ce amma Hausarta ta fi ta Abla nisa. Likita ne ya tilasta mata saboda ciwon suga, kuma ba ta ɓoye cewa ba da son ranta take zuwa ba. Ita kaɗai ce ke tsayawa ta gaishe ni ta tambayi jikin Kaka. Wani lokaci ta zaro dabino a jaka ta danƙa mini ta ce, “Ci, ni an hana ni, kar ya lalace a banza.” Kullum a layin baya take zama, kusa da ƙofa, wai don in abin ya ishe ta ta sulale. Ranar Lahadin nan wata ta riga ta wurinta, sai ta hau na tara.

Ina bakin ƙofa da mofa, don in an tashi zufa ce ko'ina a ƙasa. Aka kashe rabin fitilu, aka kunna kiɗa, allo ya nuna wata hanya a wata ƙasa mai ciyawa da shanu. Hanyar ta fara hawa, kekunan duk suka ɗaga kai lokaci guda. Abla tana kan nata keken tana fuskantarsu.

“Yalla ya banat, maza ’yan mata! Tudu ne, ku taka! Hajiya, na gan ki, ƙafa ɗaya kike aiki da ita!”

Hajiya tana haki ta ce, “Ke ’yar nan, ni da na bar gidan dutse na koma gidan bene mai lif, ga shi kin dawo mini da dutsen har cikin ɗaki.”

Matan suka kwashe da dariya, wata ta kusa shaƙewa da ruwa. Abla ta ce saura kaɗan a kai sama, wadda ta tsaya za ta sayo wa kowa shayi. Haka suka yi ta ja, tawul a wuya, wasu suna salati wasu suna tsinuwa ƙasa-ƙasa. Daga nan hanyar ta kai ƙarshen tudu ta leƙa ƙasa.

“Khalas, shi ke nan, gangara! Ku miƙe tsaye, ku saki ƙafa!”

Ni dama in an zo nan kawar da ido nake yi. Ran nan ban kawar ba. Kekuna goma sha ɗaya suka sunkuya a hankali. Hajiya ta miƙe a kan feda, ta taka sau biyu, na tara ya yi wata ƙara kamar an saki murfin tukunya a siminti, kansa ya faɗi ƙasa gaba ɗaya. Bakinta ya daki mariƙi. Ta zame ta gefe ta tokare da hannu.

Aka kashe kiɗa. Mata suka yi kanta. Wani farin tawul ya koma ja. Abla tana kiran sunana in kawo ƙanƙara, ina jin ta sarai, amma ƙafafuna sun ƙi ɗagawa. Sai ɗaya daga cikin sauran masu sharar ce ta ture ni ta wuce ta kawo.

Leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya ya ɓantare, wuyan hannunta ya kumbura nan take. Da aka sa mata abaya ana fita da ita ta dube ni, tawul a baki, ta ɗaga mini lafiyayyen hannun wai kar in damu.

Mudira ta kira ni ofis ta ce in kawo takardun. Na kawo. Ta bi layin na tara da yatsa, alama a kowace rana, har ta safiyar ranar. Ta ɗaga waya ta kira shagon su makanike ta fara faɗa da Larabci, cewa yarinyarta ta duba keken da safe lafiyarsa ƙalau, aikinsu ne na banza. Ina tsaye ina jin kalmar “yarinyata” tana fita daga bakinta sau uku. Da ta ajiye ta ce mini ɗan Hajiya yana waje yana maganar kai ƙara, in masu bincike suka zo bai kamata su same ni ba.

“Ɗauki abayarki ki fita ta baya. Ki zauna a gida mako biyu. In ƙura ta lafa zan kira ki, wurinki yana nan. Ke ba ki da laifi.”

Na ce na gode.

A ƙofar baya, wajen da ake ajiye kwandunan shara, Abla ta tarar da ni ina ɗaura niƙabi. Ba ta canza kaya ba, akwai jini a gefen rigarta. Ta jawo ƙofar ta rufe.

“Galan ɗin nan,” ta ce.

Na ci gaba da ɗaura niƙabin.

“Ba ruwa kike canzawa ba ran nan. Sah, ko ba haka ba?”

Na gyaɗa kai.

“Keke nawa?”

“Duka, Abla.”

“Tun yaushe?”

“Tun faɗuwar Kaka.”

Ta dafe goshi ta jingina da bango. Ta yi wata magana da Larabci da ban kama ba. Sannan ta ce, “Ya binti, ’yar nan, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ni da nake hawa kullum? Minti goma ne a wurina.”

Wallahi har yau ban san dalili ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa zan iya roƙonta ba.

Ta ce, “Ni ba zan je wurin mudira da maganarki ba. Ni na kawo ki, kuma uwarki tana shiga gidanmu. Amma ƙarfe biyar ina da aji, mata goma sha ɗaya, a kan kekunan da ba wanda ya miƙe a kansu da niyyar dubawa mako biyar. In na ce a rufe ɗakin za a ce don me, ga takarda ta ce lafiya. Ki yi tunani.” Ta buɗe ƙofar ta koma ciki.

Na fito titi. Rana ta take, ko inuwar bango babu. Na yi tafiya har bakin wani shagon sayar da katifu da ya rufe don sallar azahar, na tsuguna a gindin ƙofarsa. Mako biyu a gida, sannan in koma wurina. Abin da aka ce mini ke nan, kuma ba abin da ake nema daga gare ni sai in yi shiru. Na daɗe a wurin, har aka idar da salla mutane suka fara fitowa. Sannan na zaro waya na kira makanike.

Muryarsa a dushe take. Ya ce, “Ƙanwata, yau na sha zagi. Maigidanmu ya ce in haɗa kayan aikina in jira hukunci. Ni abin da ya ɗaure mini kai, yaya za a yi ƙarfen nan ya saki da rana bai yi miki ko ƙara ba da safe?”

Na ce, “Yaya, ban hau ba.”

“Na'am?”

Na gaya masa duka, da arabiyya, da aman, da galan. Ina magana ina jin ƙarar guduma a bayansa, sai na ji ya matsa wurin da ba hayaniya.

“Galan,” ya ce. “Na ruwan sha.”

“Eh.”

“Allah Sarki.” Ya ja numfashi. “Jikin tsohuwar da sauƙi?”

Ban zaci wannan tambayar ba, sai kuka ya ƙwace mini a bakin shagon mutane. Ya jira har na tsagaita. Sannan ya ce, “Kin san dole in kira mudirarku yanzu in ce kar a hau ko ɗaya sai na zo. Za ta tambaye ni dalili. Ba zan yi mata ƙarya ba.”

Na ce na sani, shi ya sa na kira.

“To. Allah Ya ba mu mafita, ni da ke.”

Ba a yi ajin ƙarfe biyar ba. Washegari da hantsi saƙon mudira ya shigo, layi ɗaya, cewa kar in dawo, za a ba Abla kayana da suka rage a durowar ajiyata. Ban ga laifinta ba. Abla ta kawo silifas ɗina da kofin shayina a leda, ta miƙa wa Inna a bakin kasuwa. Ta ce an sa wa Hajiya filasta a hannu, kuma Hajiyar ta tambayi lafiyata. Ban sani ba ko an gaya mata maganar galan. Ina da lambarta, na buɗe ta ya fi sau goma, ban kira ba tukuna. Makanike yana nan a bakin aikinsa, haka Abla ta ce. Ban tambayi abin da ya samu a sauran kekunan ba.

Da na gaya wa su Inna, Kaka ce ta fara magana. Ta ce, “Wato ni kin zubar, kin je kin zubar da wata. Ke dai a raba ki da duk abin da ke da taya.” Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba. Ta miƙo hannu ta kama wuyan ƙafata ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Inna kwana biyu ba ta ce mini komai a kai ba. A rana ta uku bayan asuba na ga ta zazzage kayan amalanke a tsakar ɗaki tana raba su biyu. Masu nauyi, kwalaben turare da buhun lalle, ta mayar cikin amalanke. Kuka da kuɓewa da daddawa ta zuba a wani buhu ta ɗaure bakinsa, ta naɗe tabarma ta ɗora a kai.

“Ɗauki wannan ki bi ta matakala,” ta ce. “Ni zan bi da amalanken.”

Na ce, “Inna, ke kaɗai? Da gwiwar nan taki?”

“Da kike nadi da wa nake yi?”

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan muna haka. Ita ta bi gangara, ni in bi bayan gidaje da buhu a ka, hannu ɗaya a bango. Kafin in iso ta riga ta kai, tana zaune a kan amalanken tana murza gwiwa, tana jiran tabarmar da ke kaina. In shimfiɗa, mu jera kaya, ita ta fuskanci masu saye, ni in fuskanci bakin titi inda motar baladiyya ke ɓullowa. Jiya ta tambaye ni ko zuwa bayan salla zan iya riƙe mata gefe ɗaya na amalanken, ko da daga kwanar gangarar zuwa ƙasa ne. Na ce mata zan gwada. Ta ce to, ta juya tana auna wa wata mata daddawa.